Reshen Magaryar Kaka

Ranar Lahadin da ta biyo bayan Babbar Salla, a shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, malaminmu Mushe Iliya ya zana mana itaciya a jikin allo. A lokacin majami'armu a Gure falon gidansa ce kawai, 'yan gidaje kaɗan muke haɗuwa mu zauna a tabarma, ƙamshin naman layya na shigo mana daga maƙwabta. Ya ce itaciyar zaitun ce, saiwarta Ibrahim, rassanta Yahudawa, mutanen da Allah ya zaɓa tun farko. Ya sa yatsa ya goge wasu rassa, ya ce rashin bangaskiya ya karya su. Sai ya zana wani siririn reshe a gurbinsu. "Wannan mu ne," in ji shi, "reshen jeji da aka ɗauko aka dasa. Kada kowa ya yi fahariya, saiwar ce ke ɗauke da mu. Allah bai yar da mutanensa ba, kuma yana da ikon mayar da waɗanda suka karye." Na duba allon sama da ƙasa ina neman reshen Kaka, ban gan shi ba.

Kaka uwar Baba ce, 'yar Manga daga wajen Kelle, Hausarta ma da karin Barbarci take fita. Baba ya zama Kirista tun yana saurayi a Damagaram, dangi suka juya masa baya, ita kuwa ta ƙulle kayanta ta biyo shi da butarta da tasbaharta. Ita ce ke tashina in kunce awaki, ita ke ɓoye mini ƙanzo idan na dawo daga langa gwiwoyina duk sun kuje, ita kuma ke korar mu ran Lahadi da safe. "Tashi, mai gidana," haka take cewa, "ba na zama da mijin da ke makara wurin ibadarsa." Kowace layya ƙanenta makiyayi yakan aiko mata da rago, limamin unguwa ya yanka, ta zaunar da mu ta ba mu labarin Annabi Ibrahim, tana kiransa kakanmu. Ina son matar nan fiye da kowa a duniya, kuma tun daga Lahadin nan tsoro ya shige ni cewa Allah bai ƙirga da ita ba.

Yahudawan ma kansu sun ɗaure mini kai. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Na ɗauka wasu makiyaya ne can arewa, gaba da ƙasar Tubawa, har nakan leƙa fuskokin masu rawani a kasuwar raƙuma ko zan dace. A filin lakwal kuwa, wanda ya hana ka gutsuren ƙosai shi ake kira Bayahude, ni ma na sha faɗa wa wasu haka. Ga shi ran Lahadi an ce Yesu kansa Bayahude ne, uwarsa ma haka, kuma mu baƙi ne a itaciyarsu. To yaya sunan masu itaciya ya zama zagi? In kuma Ibrahim ne saiwar, ai Kaka ta ce kakanta ne. Na ɗaga hannu na tambaya ko ita reshen asali ce, ko karyayye, ko na jeji. Mushe Iliya ya daɗe yana karkaɗe alli daga hannunsa, sannan ya ce, "Allah ya san nasa, Bulus." Na koma gida da ruɗanin da ya fi wanda na zo da shi.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne sana'ar Baba. Mai lambu ne a kwari, cikin dabinai, kuma gwanin girefi, wato dasa reshen wata itaciya a jikin wata. Na sha riƙe masa wuƙa yana tsaga magaryar jeji, ya cusa reshen mai manyan 'ya'ya, ya naɗe da leda. A hannun Baba saiwar ce ta jeji, reshen ne mai kyau. A allon Mushe Iliya abin a juye yake. Sannan dokar aikin ita ce duk tsiron da ya fito daga tsohon gindi a datse shi, don kada ya shanye wa sabon reshe ruwa. A tsakar gidanmu akwai magaryar da Kaka ta rena tun tana ɗan tsiro, ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Baba ya yi mata girefi, ta kama, amma wani reshe na asali ya taso daga ƙasa mai ƙananan ganye da ƙayoyi. Ranar da ya nufo shi da wuƙa, Kaka ta ajiye faifanta. "Bar mini wannan, ɗana. Da ganyensa za a yi mini wanka ran da na cika." Baba ya maida wuƙar aljihu.

Na sha zama a gindin magaryar nan ina ba awaki harawa, ina raba wa mutane rassa. In na sa Yahudawa a gindi, sai in rasa inda zan sa Kaka. In na sa Kaka a gindi, sai Ibrahim ya rasa wuri. Wata rana na ce mata ta zo majami'a ko sau ɗaya, don a dasa ta. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ta tsufa da tsaga, ta miƙo mini fura. Ni kuwa ba wasa nake yi ba, bayan ɗaki na zagaya na yi kuka.

Da damina ta kama, Kaka ta kwanta, ba ta tashi ba. Wata rana da hantsi ta cika. Matan unguwa suka shigo, wata ta ce a aiki yaro jeji neman magarya. Baba ya ce a bari. Ya durƙusa gaban reshen nan ya tsinki ganye ɗaya bayan ɗaya, ƙaya na sukarsa, ya cika ƙwarya ya miƙa musu. Da aka fito da ita ƙofar gida aka yi sahun salla, shi ya tsaya can baya shi kaɗai, leɓensa na motsi. Na je na kama hannunsa na ce, "Baba, Kaka ta Allah ce?" Ya dube ni idonsa jawur. "Ban san yadda Allah zai shirya itaciyarsa ba," in ji shi. "Ni dai a jikinta na tsiro."

Yau majami'armu tana da ginin kanta, Yahudawan da na nema a kasuwar raƙuma kuma ga su nan a wayar kowa. Na ji masu wa'azi da ke cewa mu muka gaje wurinsu, na ji masu cewa alkawarin Allah gare su yana nan daram, kowa da ayarsa, kowa da tabbacinsa. Nakan yi kewar Mushe Iliya, wanda ya karkaɗe alli ya bar wa Allah abin da bai sani ba. Magaryar tana nan a gidanmu, yarana manyan 'ya'yan suke tsinka, ba mai kula ƙananan. Bara ƙanena ya zo da adda zai sare reshen Kaka, wai yana yaga wa yara riga, na riƙe masa hannu. Har yau ban samo amsar tambayata ba, amma ba da hannuna za a yanke reshen nan ba.