Layukan Karkace

Shekara talatin Madubi yana shimfiɗa tayil a gidajen mutane, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. In ya haɗa tayil biyu, ko da farce ka bi ba za ka gane mahaɗarsu ba. Mutum ne mai baki, ga raina aikin kowa, amma wanda ya fi shan wuya a hannunsa shi ne ƙanin matarsa, wanda shi ma sana'ar ke nan. Madubi ne ya sa masa suna Karkace, saboda yakan bar rata kamar faɗin yatsa tsakanin tayil da tayil, ya cike da baƙin siminti. Ko gaisuwa Madubi ya je gidansa, da ƙasa yake fara gaisawa, ya ja tsaki.

Da ciwon jijiyoyin nan da ake kira Fakinsin ya kama Madubi, karkarwar hannu ba ta dame shi kamar ƙafa ba. Yana cikin tafiya sai ta kafe, kamar an zuba mata siminti. Inda ta fi yi masa wannan rashin mutunci kuwa shi ne ɗan lungun da ke tsakanin ɗakinsa da banɗaki, taku goma kacal, wanda ya shimfiɗa wa tayil da hannunsa sumul. Nan zai tsaya yana zufa har matarsa ta zo ta kama shi. Sau biyu ba ta iso da wuri ba, kuma abin da ya faru ya sa shi kuka a ɓoye.

Likitar motsa jiki ta ce ya riƙa zirga-zirga a lungun safe da yamma, manyan taku, yana ƙirgawa. Ta ce idon mai wannan ciwo yana son layin da zai tsallaka, don haka a liƙa baƙin salatif a ƙasa. Madubi ya ce sai dai in bayan ransa.

Wata rana aka kai shi duba Karkace da ke zazzaɓi. Yana sa ƙafa a falon, sai ga shi yana tsallake baƙaƙen layukan nan ɗaya bayan ɗaya, tiƙis-tiƙis har kujera, ba mai riƙe da shi. Matar Madubi ta gani, ta buɗe baki, ya harare ta ta rufe.

Sati guda yana fama da zuciyarsa kafin ya aika a kira Karkace. Amma girman kai bai bar shi ya faɗi gaskiya ba. Cewa ya yi tayil ɗin lungun ya tsufa, a ɓamɓare a sake, yana so ya ga ko an koyi wani abu. Sannan ya tafi gidan 'yarsa don gudun ƙura.

Karkace kuwa ya ɗauka ranar wanke kansa ce ta zo. Ya ja igiya, ya auna, ya sake aunawa, ya cire ya mayar. Kwana shida ya yi a durƙushe a kan aikin yini biyu.

Madubi ya dawo ya tsaya a bakin lungun. Fari tas, sumul, babu layi ko na magani. Ƙafa ta kafe nan take. Ga Karkace can ɗaya ƙarshen, yana murza hula, yana jiran hukunci.

"Aiki ya yi kyau," in ji Madubi. "Ni ma iyakata ke nan."

Idon Karkace ya kawo ruwa. Ya ce, "To Yaya, taka mana ka ji."

Madubi ya dubi ƙofar banɗakin, ya dubi matarsa da ta riga ta miƙo hannu. Bai kama ba.

"Ba zan iya ba. A falonka kaɗai nake tafiya da ƙafata. Don Allah ɗauko guduma, ka yi mini irin naka."