Hoton da Ɗan'iya Ya Tafi da Shi

Ranar an wuni da zufa, sama ta yi fari fat, ko ganye ba ya motsi a bakin gulbin Kebbe. Ƙarshen damina ne, zamanin Turawa, ruwa ya cika har gindin giyayya.

Almu mai hoto ya taso daga Tambuwal tun jiya, akwatinsa na ɗaukar hoto a bayan jaki. Manomi ne kamar kowa. Wani cin rani da ya je Gusau ne ya yi wa wani Bayarabe dako, ya dawo da tsohon akwati mai ƙafafu uku da baƙin ƙyalle. Mutanen kasuwa kan ce ya fi kowa nawa, don yakan tsai da mutum har ƙafa ta yi sanyi.

Taubashinsa Ɗan'iya, tsohon mai fito, shi ya aika masa. Gobe tsohon zai bi ayari zuwa Makka da ƙafa, bai kuwa sa ran dawowa ba. Yana so ya tafi da gulbin nan da jirginsa a aljihu. Gilashin da hoto ke fita a kansa guda ya rage wa Almu. In ya ɓaci, shi ke nan.

Tun azahar ya kafa akwati, ya daidaita shi, ya sa Ɗan'iya ya tsaya cikin jirgi da gorarsa ta tuƙi. Daga nan ya zauna a kan tushe.

"Kai makaho, mi kaka jira?" in ji Ɗan'iya. "Ko sai na tsiro saiwa?"

"In na ɗauka yanzu, ruwa fari, sama fari, gemunka fari. Su ce aljani ne cikin nono."

Masu jiran fito suka fashe da dariya. Can bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, yana tahowa. Mutane suka fara tattara kaya. Ɗan'iya ya daina wasa.

"Almu, don Allah ɗauka hakanan. Ruwan ga in ya sauko, babu sauran rana."

Almu ya duba gabas. Ya san hadari yakan yi shiru kaɗan kafin iska. Ya shiga ƙyalle, yatsunsa a kan murfin idon akwatin, yana jin cida tana matsowa. Sai rana ta sunkuyo ta yamma, ta haske jirgin da tsohon, bayansu duhu, ruwa ya kwanta lum.

"Kar ka numfasa!"

Ya cire murfi, ya yi bisimilla, ya mayar. Bai gama fitowa ba iska ta ɗauke masa hula. Ya tuɓe rigarsa ya naɗe akwatin, ya rungume shi ya sheƙa rumfar masunta, ruwa na dukan bayansa.

Da dare ya wanke hoton, da safe ya miƙa shi, bai ma gama bushewa ba. Ɗan'iya ya daɗe yana dubawa.

"Ashe haka gulbin ga yake," ya ce a hankali. Sa'an nan ya goge ido. "Amma ka ƙara mani tsufa, mugu."

Ya sa shi cikin gafaka ya bi ayari. Bai dawo ba.

Almu yana nan Jabo wurin 'yarsa Ni'imatu. Idonsa ya yi rauni, ya bar ɗaukar hoto, akwatin yana rataye a zaure.