Ba a Cin Fura

Mu shida ne a wurin ranar nan. Ni, da ɗan farina da ke kwance a gadon asibiti, da matarsa mai cikin wata bakwai, da ɗan wana, wato taubashinsa, wanda suke fawa tare. Sai likita Bature, da malamin asibiti da ke yi masa tafinta. Saura shekara biyu Turawa su miƙa mulki, gari ya ɗauki zancen jam'iyyu, ni kuwa ko ɗaya bai shiga kunnena ba.

Ƙaba ce ta ɗaure wa yaron. Ya ɗaga cinyar bijimi a mahauta, ya durƙusa, bai iya miƙewa ba. Kwana biyu muna jiƙa masa saiwa a gida, nan Ƙofar Rini, kafin na yarda a kai shi. Aka yi masa fiɗa, aka yanke hanjin da ya mutu, aka ɗinke. Washegari da hantsi aka bar mu muka shiga.

Taubashin nasa na ganinsa ya ce, "Kai, mahauci! Yau an feɗe mai fiɗa. Ka ce su ba mu hanjin mu gasa."

Yaron ya dafe ciki don kada dariya ta ɓalle ɗinkin. Ya ce, "Bari in tashi, ɗan nema. Kai zan fara ratayewa."

Sai likita ya zo. Ya daɗe yana magana, yana nuna baki, yana nuna ciki, yana ƙirga da yatsu. Da ya gama, malamin ya juyo ya ce, "Ya ce aiki ya yi kyau. Kar ya ci komai sai an ce."

Ni ban yi boko ba, amma ina da kunne. Na ce, "Duk doguwar maganag ga, ita ke nan?"

Ya ce, "Ita ke nan, Inna." Suka wuce gado na gaba.

Bazara ce, kwanon rufin ɗakin har ƙara yake don zafi. Leɓen yaron ya tsage. Ɗan fari ne, kakarsa ta raine shi, ban taɓa kiran sunansa ba, shi ma tun yaye bai taɓa roƙona komai ba. Ranar ya dube ni ya ce, "Inna, ƙishirwa."

Na zo da fura daga gida, na dama ta ruwa-ruwa. Ina buɗe faifan matarsa ta ce a hankali, "Inna, ba a hana ba?"

Na ce, "Ci anka hana. Ke kin taɓa ganin wanda yac ci fura?"

Wace suruka ce za ta ja da ni?

A bakinmu tuwo ake ci, nama ake ci. Fura da kunu sha ake yi. Mutum ya shanye ƙwarya guda ya ce yau bai ci komai ba, bai kuwa yi ƙarya ba. Na tallafi kansa na ba shi ludayi biyar. Ya ce Allah ya saka.

Kafin azahar cikin ya kumbura kamar tumbin da aka hura. Amai ya taso masa yana rigingine, ya sarƙe shi, ya bi ta hanyar numfashi. Malamin ya zo da gudu, ya kira likita. Suka zura masa siririyar roba ta hanci har ciki, yana kakari, suna zuƙowa da sirinji suna zubawa a tasa. Furata ce. Na gane ta. A gadon da ke kusa wani tsoho ne ake ɗura wa madara ta irin robar nan da mazurari. Shi ana zuba masa, nawa ana kwashewa. Daga nan suka gangaro da doguwar tukunyar ƙarfe mai iska, suka ɗaura masa takunkumin roba a hanci da baki. Ƙirjinsa na ta kuka kamar ana tafasa ruwa a ciki.

Likita ya ɗaga tasar ya nufo ni da faɗa. Wannan karon malamin bai rage ko kalma ɗaya ba. "Ya ce wa ya ba shi? Ya ce an gaya muku ko ɗigon ruwa kar ya wuce maƙogwaronsa, har kwana uku."

Na ce, "Ruwa? Kai yaro, yaushe kac ce ruwa?"

Ya sunkuyar da kai. Da baƙo ne sai in ce Hausa ta gagare shi. Ɗan garin nan ne, da fura aka yaye shi.

Bayan la'asar numfashin ya tsaya. Taubashinsa ne ya yi ta faɗa masa kalmar shahada a kunne. Ko ya amsa, takunkumin bai bar mu mun ji ba. Kafin magariba an kai shi.

Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma ludayin a hannuna yake. Matarsa ba ta gaya wa kowa abin da ta ce da abin da na ce ba, har ta bar gidan. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da gari ya waye na bar mata cike da tsakar gida suna zaman makoki, na ja mayafi na koma asibitin. Na zauna a ƙofar ɗakin maza. Duk macen da ta zo da ƙwarya a rufe sai na tare ta na buɗe. Ta ukunsu kunu ne ta kawo wa mijinta, jiya aka yi masa fiɗa. Na ce, "Mi sunka ce miki?" Ta ce, "Sun ce kar ya ci." Na karɓe na juye shi a ƙasa. Ta zage ni tas, na bar ta ta gama. Malamin ya zo wucewa ya rusuna ya ce, "Inna, ya haƙuri?" Na miƙa hannu ga ƙwarya ta gaba.