Jinin Mutanen Kutama

An kafa ƙarfen sabis a bayan gidanmu a Gwarzo shekarar da na shiga jami'a a Kano. Katangarsa ta haɗe da ta ɗakin Inna. Janaretansa ba ya mutuwa, har muka daina jin ƙararsa. Daga baya Inna ta fara ciwon kai, hannunta yana rawa in ta ɗauki moɗa. Lokacin an hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, a ƙafa take zuwa asibiti, a ba ta ƙwaya ta dawo. Mutane suka fara cewa ƙarfen ne ya jawo mata.

Baba ya ce ba zai fitar da mace daga ɗakin da ta haifi 'ya'yanta ba a kan maganar bakin kasuwa. "Kai ne mai karatun jini. Auna ka gaya mana."

A kan haka na yi aikin kammala karatuna. Akwai wata lalacewa da ke samun ƙwayoyin jiki, kamar tsatsa a ƙarfe, alamarta tana fita a jini. Zan gwada jinin maƙwabtan ƙarfen da na mutanen da ke nesa da shi. Na zaɓi Kutama, inda ko sabis babu a lokacin.

Na kasa zuwa ƙauye in tsaya gaban dattawa in ce su miƙo hannu. Kawu ya ce in bar masa. Ranar Asabar ya kawo su zaurenmu, magidanta ne, duk 'yan Kutama. Na rubuta lamba sau biyu a jikin kowace kwalba, na jera su cikin ƙanƙara.

Sakamako ya fito, babu bambanci. Na zo gida da takardar. A bayan gida na tarar da ɗaya daga cikin 'yan Kutaman yana alwala a jikin katangar ƙarfen.

"Dattijo, ba ku koma ba?"

"Mu koma ina, Malam, ruwa bai sauka ba? Cin rani muke. Tun bayan girbi nan muke kwana, mai gadin ƙarfen ɗan garinmu ne."

Da na gaya wa Kawu, dariya ya yi. "'Yan Kutama ka ce, 'yan Kutama na kawo. In tafi har can alhali ga su a nan?"

Na miƙa aikin yadda yake, aka ba ni maki mai kyau.

Baba ya juya takardar gaba da baya. "To, ta tashi ko ta zauna?"

Na ce ban sani ba.

Ya naɗe ta ya miƙo mini. Inna ta ci gaba da kwana a ɗakin.