Agosu Mai Kwandon Gadar Kwatano

A kan ruwa aka haifi Agosu, a wani ƙauye na tafkin Nokwe inda ɗakuna ke tsaye bisa turaku, kuma ya iya tuƙa kwale-kwale tun kafin ya iya gudu a kan ƙasa. Yana da shekara ashirin ya rako yayarsa Kwatano da kwandunan bandar kifi. Ita ta sayar ta koma gida, shi kuwa ya ga gadar teku ya ƙi komawa.

A lokacin manyan jiragen ruwa ba sa iya matsowa gaɓa, can nesa suke tsayawa saboda haukan igiyar ruwa. Doguwar gadar ƙarfe ce aka miƙa cikin teku, a bakinta akwai injinan ƙugiya. Da gangar manja, da buhun ƙwarar kwakwa, da ɗan Adam, duk ƙugiya ce ke ɗaga su ta sauke cikin kwale-kwale, matuƙa su kai su gindin jirgi. Mutane a cikin wani babban kwando mai benci ake zuba su, huɗu huɗu.

Agosu ya yi shekara tara yana dako kafin a ba shi injin kwandon. Nan aka gane hannunsa. Wasu direbobin sukan saki kwando ya faɗa cikin kwale-kwale tim, har mata su yi ihu. Shi kuwa sai ya tsayar da shi a sama yana kallon ruwa, ya bari igiya ta ɗago kwale-kwalen, sannan ya ajiye shi a hankali kamar mai kwantar da jariri. Tsofaffin 'yan kasuwa masu zuwa Abijan sukan ce su dai a bar su su jira layin Agosu.

Abokinsa Zanu shi ne shugaban matuƙan da ke tarbar kwandon a ƙasa. Kullum suna cikin tsiya.

"Kai ɗan tafki, sauko ka ɗanɗana ruwan maza mana!" in ji Zanu.

"In na sauko wa zai riƙa ajiye maka kaya a cinya, tsoho?"

A gindin gadar ya haɗu da Asiba, mai sayar da agidi da soyayyen kifi. Ta lura kullum yakan ɓare ganyen agidinsa ya ninke ya ajiye gefe, ba ya yarwa a ƙasa. Ta ce a nan ya shiga ranta. Suka yi aure, suka haifi 'ya'ya uku, biyu suka koma tun suna goye, aka bar musu Senami.

Senami ta yi karatu wajen 'yan mishan, ta ci jarrabawa aka ɗauke ta makarantar ungozoma a Dakar. Ranar tafiyarta ta faɗo cikin watan Agusta, lokacin da teku ya fi tashi. Shugaban aiki ya ce wa Agosu ya huta ranar, wani ya karɓe shi.

"Na sauke 'ya'yan mutane shekara goma sha tara," in ji Agosu. "Tawa ce zan ba wani?"

Senami ta shiga kwandon da akwatin kwano a cinya da ƙullin garin rogo da uwarta ta ɗaure mata. Ta ɗaga kai ta dube shi cikin ɗakin injin.

"Baba, kada ka sake ni da ƙarfi fa."

Agosu ya ta da injin. Ya ɗaga kwandon, ya juya shi bisa ruwa, ya tsayar. Igiya ta ɗago kwale-kwalen, bai saki ba. Ta biyu ta zo ta wuce. Ta uku ma haka. Wani ɗan kasuwa a cikin kwandon ya fara salati.

Zanu ya ɗaga murya daga ƙasa: "Agosu! Jirgin ba zai jira ka gama kallonta ba! Miƙo mini ita, ai ni ma 'yata ce!"

A igiya ta huɗu ya sauke ta. Ko girgiza kwandon bai yi ba. Ya bi kwale-kwalen da ido har ya kai gindin jirgi, sannan ya share fuska da hularsa ya ce a kawo na gaba.

Shekara bakwai Senami ta yi a can, ta gama karatu, ta yi aiki, ta yi aure. Kafin ta dawo, ƙasarsu Dahome ta sami 'yancin kai, an kuma gina sabuwar tashar jiragen ruwa mai katangar duwatsu, inda jirgi ke zuwa ya jingina da gaɓa. Da ƙafarta ta sauko ta matakala, riƙe da ɗa namiji. Agosu na tsaye cikin jama'a da wankakkiyar riga, hannayensa a baya, bai san abin da zai yi da su ba, har ta zo ta ɗora masa yaron.

A shekarar aka rufe tsohuwar gadar. An kira direbobi gwaji a sabuwar tashar, amma likita ya duba idon Agosu ya ce yanar ido ta fara rufe na hagu. Ya dawo gida ya zauna kwana uku bai leƙa waje ba.

Asiba ce ta tashe shi. "Baban Senami, teku ne ya sallame ka, tafki bai sallame ka ba. Tashi ka kai ni kasuwa, gwiwoyina sun ƙi."

Suka sayi tsohon kwale-kwale, Zanu ya taya shi toshe ɓarakarsa da kwalta. Agosu ya shiga jigilar mata 'yan kasuwa daga mashigar tafki ta Kwatano zuwa garin Hogbonu, da tulunansu da kajinsu da surutunsu. Asiba na zaune a gaba tana faɗa masa inda turakun masunta suke, tunda idonsa ɗaya ne. Suna tafe suna gardama a kan hanya, matan suna dariya suna raba su. Bai taɓa barin tsohuwa ta taka laka ba, sai ya ja kwale-kwalen har kan busasshiyar ƙasa ya miƙa mata hannu.

Shekara goma sha shida suka yi a haka. Wata safiya da damina, sun sauke fasinja a Hogbonu, ya ce wa Asiba bari ya ɗan kishingiɗa kafin a cika. Ta tafi sayo masa kunun masara. Da ta dawo ta same shi kwance a cikin kwale-kwalen, ya rufe fuska da hula. Ta kira shi sau biyu, sannan ta ajiye kwanon ta zauna kusa da shi ta riƙe hannunsa.

Matan kasuwar ne suka karɓi filafilai suka tuƙa kwale-kwalen da gawar Agosu zuwa ƙauyen da aka haife shi. Kwale-kwale goma sha ɗaya suka bi bayansu, babu wanda ya kira su.