Lambobin Kawu Idris sun kashe min manhaja

Jama'a, yau na sha kunya a wata gona a Simsim!

Wata uku ina rubuta manhajar lissafin ruwan sama da yaren kwamfuta na Rust. Yau na kai wa Alhaji mai gona ya gani. Kawu Idris, wakilinsa, ya karɓi wayata ya shigar da awon ruwan jiya. Nan take manhaja ta mutu! Ya sake, ta sake mutuwa!

Na leƙa. Ya salam! Da lambobin Larabci ya rubuta, ni kuwa na boko kaɗai na koya mata.

Na ce, "Alhaji, minti biyar in gyara!"

Ya ce, "Halas, ya isa haka, ɗana. Idris, ɗauko daftarinka ka rubuta da hannu."

Kawu ya zaro shi daga aljihu, har da biro. Ashe dama da shirinsa ya zo!