Ranar da Mai Jan Wando Ya Ɗauki Kambu

A shekarun da jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, ina koyarwa a wata firamare a Bungudu, amma ba da alli aka san ni a garin ba. Da tsayuwa gefen talabijin aka san ni. Wani Alhaji yana da gidan kallo a bayan tasha, dogon zaure mai rufin kwano, da bencina, da janareto mai yawan tari. Bayan la'asar ake sa kaset, a tashi kafin magariba. Ranar da aka sa kokawar Turawa, wadda kowa ke kira reslin, ni ne mai fassara. Turawan nan ba sa taɓa juna sai sun riƙe makirufo sun sha surutu, wane ya ci amanar wane, wane zai rama. Aikina shi ne in mayar da surutun nan Hausa, in kuma tuna wa jama'a inda aka kwana a kaset ɗin baya.

Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. A aji yara suna saurarena ne don dole. A zauren Alhaji kuwa magidanta ne masu gemu, manoma da mahauta da 'yan tasha, ranar kasuwa har da Fulanin da suka kawo shanu, kowa ya zuba mini ido yana jiran abin da zan ce. In na ɗaga hannu sai a yi tsit. Ban taɓa samun haka a wani wuri ba.

Labarin da muke bi a lokacin na mutum biyu ne. Ba mu damu da sunayensu ba, mun sa musu namu. Akwai Mai Kambu, ƙato mai wuyan bijimi, shi ke riƙe da bel ɗin zinaren da ake faɗa a kansa. Akwai kuma Mai Jan Wando, siriri a kansa, wanda a da abokinsa ne, har ranar da Mai Kambu ya lallaɓo ta baya ya maka masa kujerar ƙarfe. Tun daga nan Mai Jan Wando ke neman ramuwa, kuma duk sanda ya kusa, sai yaran Mai Kambu su ja ƙafarsa daga wajen igiyar da ta kewaye filin kokawar, ko alƙalin wasa ya juya baya daidai lokacin da ake tafka maguɗi.

Wanda ya fara tayar mini da ƙayar baya ɗan kawuna ne, taubashina, direban ƙaramar bas. A Tsafe yake zaune, yana jigila zuwa Gusau, in ya samu fasinja ya zarce Bungudu. Da yake ni ɗan mace ne, tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba. Ya shigo wata rana ina tsakiyar fassara, ya jingina da ƙofa yana juya makullin mota a yatsa.

Ya ce, "Kai bawana, mi kaka wahal da mutane? Kowa ya san ƙarshen wagga magana. Wanda anka zalunta shi ka cin nasara. Tun ran da anka buga mai kujera na san shi za ya ɗauki kambu. To mi munka tsaya jira?"

Na ce, "Kai ma ka san in ka taso Tsahe, Gusau za ka ishe. Amma kullum kana tasowa."

Ya ce, "Da akwai yadda zan ga ni Gusau ba tare da ramukkan nan ba, da tuni na daina bin su."

Aka kwashe da dariya, kuma ba ni aka yi wa dariyar goyon baya ba. Daga ranar zauren ya rabu biyu. 'Yan tasha suka bi shi. Da zarar Bature ya ɗauki makirufo sai ka ji suna cewa a tura gaba, a kai mu wajen duka. Wani mahauci mai faɗin ƙirji da dattawan bencin gaba suka tsaya a bayana, suna cewa wanda bai san dalilin faɗa ba me zai gani a faɗan. Maganar 'yan tasha ba ta wauta ba ce, wannan shi ya fi ƙona mini rai. Dabara ɗaya ake ta maimaita mana, a ja ƙafa, alƙali ya juya baya. Ni kaina akwai ranar da na ji kamar in jefi talabijin ɗin da takalmi, amma ko za a yanka ni ba zan faɗi haka a gaban taubashina ba.

Duk gidajen kallon yankin a shago ɗaya suke karɓar kaset haya, a Gusau, kuma kowane kaset ƙwaya ɗaya ne. Mai shagon ya lura da irin wannan ƙorafi, sai ya fara haɗa wani kaset da ya kira zallar kaye. Ya yanke duk surutu, ya bar ɗagawa da makawa da ƙasa kawai, ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan kaset ba ya buƙatar mai fassara. Ana cikin haka sai mai gidan kallon Tsafe, wanda shi ma haƙurinsa ya ƙare, ya tsallake na tsakiya ya ɗauki kaset ɗin ƙarshe na labarinmu ya haska wa mutanensa.

Washegari taubashina ya iso kafin a tayar da janareto. Bai ko zauna ba. Ya tsaya a bakin zaure ya zazzage komai: a cikin kejin ƙarfe za a yi, yaran Mai Kambu ba za su iya shiga ba, Mai Jan Wando zai faɗo masa daga sama, alƙali ya buga ƙasa sau uku, a miƙa masa kambu. Ya ce mutanen Tsafe ko tafi ba su yi ba, sun kalla sun tashi sun tafi harkokinsu. Da ba don idon mutane ba da na shaƙe shi a wurin.

Da aka watse Alhaji ya kira ni gefe. Mutum ne mai sanyin magana, shi ya sa maganarsa ta fi zafi.

Ya ce, "Malam, labari ya hwashe. Wa za ya zo kallon abin da ya riga ya sani? Sati na gaba zallar kaye za ni ɗaukowa. Kai kuma ka huta da tsayuwa."

Na ce, "Alhaji, ka bar ni in kai shi ƙarshe bi da bi, yadda anka shirya shi. In ranar ƙarshe bencinanka sunka kwana babu kowa, ni da kaina za ni zauna, ba ka sake jin bakina."

Ya ce ya yarda, don darajar mahaifina.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Gusau. Kaset-kaset ɗin nan babu lamba a jikinsu, kuma mai shagon bai san na gaba da na baya ba, duk wanda hannunsa ya faɗa a kai shi yake bayarwa. Na zauna a kan buhu a bayan shagonsa ina sa su ɗaya-ɗaya. Da bandejin haƙarƙarin Mai Jan Wando na jera su. Inda babu bandeji shi ne farko, inda yake fari ƙal shi ne bayan dukan kujera, inda ya fara daƙal-daƙal yana saɓulewa shi ne gaba. Mai shagon yana ta kallona yana girgiza kai, a ganinsa malamin makaranta ya samu taɓin hankali.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mini wuya. Lokacin yankan gero ne, mutane na gona, ga shi kuma an san ƙarshe. Akwai ranar da na tsaya ina fassara wa mahauci da dattawa 'yan kaɗan, muryata tana dawo mini daga bango. Alhaji yana zaune a ƙofa yana kallon bencinan da babu kowa. A ranar na daina yaudarar kaina da cewa zan sa wani ya yi shakkar wanda zai ci. Na ce musu, kun san Mai Jan Wando zai ɗauki kambu, na sani, to ku dubi abin da ya sha kafin ya ɗauka. Muka ga kaset ɗin da abokinsa ɗaya tilo ya koma ɓangaren Mai Kambu. Muka ga wanda aka fitar da shi a kan gadon marasa lafiya, Mai Kambu na bin gadon yana dariya. Muka ga wanda ya dawo yana ɗingishi, ya karɓi makirufo ya kasa magana, ya ajiye. A wannan ban fassara komai ba, na ce musu kawai, kun dai gani.

Mahauci ne ya kai maganar kasuwa. Yana sara nama yana ba da labarin gadon nan, yana tsine wa Mai Kambu kamar maƙwabcinsa ne da ya cinye masa gona. Sannu a hankali aka fara dawowa. Wani dattijon Bafulatani da ke zuwa ranar kasuwa kawai ya riƙa tare ni a hanya yana tambaya ko yaron nan ya rama, ina ce masa tukuna, Baffa. Taubashina kuwa bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Ba don kallo yake zuwa ba, don ya ga faɗuwata yake zuwa. Yana zama a bencin baya yana ƙirga mini kawuna da baki, yana tambaya ko in ya kawo fasinjojinsa su cika mini wuri zan gode. Amma a zauren yake zama har a cire kaset, kuma idonsa ba a rufe yake ba.

Kaset ɗin ƙarshe yana Tsafe har lokacin, don haka taubashina aka ba saƙon ya taho da shi. Ya iso bayan azahar, ya ciro shi daga aljihu ya cilla mini, ya ce ga likkafaninka nan.

Kafin la'asar ta sakko zauren ya fara cika. Bayan an idar da salla sai ga waɗanda suka taso daga gona da lauje a hannu, ga 'yan tashar da suka ce sun gama da mu. Aka cika bencina, aka zauna a ƙasa, aka liƙe a tagogi har iska ta daina shigowa. Alhaji ya sa aka cire ƙyauren ƙofa don na waje su gani. Da na ɗaga hannu aka yi tsit.

Taubashina ya samu wuri a gaba wannan karon. Da aka fara yana ta riga kaset ɗin magana, yanzu za a rufe keji, yanzu za a jefa shi jikin ƙarfe. Mahauci ya juyo ya dube shi sau ɗaya, sai taubashina ya rage murya. Can kuma na daina jin sa gaba ɗaya. Mai Kambu ya kama haƙarƙarin nan da muka yi makonni muna jinya, ya dinga taka shi. Mai Jan Wando ya kwanta ba motsi, alƙali ya durƙusa ya fara buga ƙasa. Sai na ga mutum ya miƙe tsaye a gabana ya kare wa na baya talabijin, hularsa a hannu yana murɗa ta.

Taubashina ne. Yana cewa, "Tashi. Don Allah tashi mana."

Mai Jan Wando ya ɗaga kafaɗa kafin bugu na uku. Abin da ya biyo baya kowa ya riga ya ji shi a bakin ƙofar nan. Ya hau kejin da ƙyar, hannu ɗaya a haƙarƙari, ya tsaya a sama, ya faɗo. Alƙali ya buga ƙasa. Ban san zauren nan zai iya ɗaukar irin wannan ihu ba. Benci ɗaya ya karye da mutanen kansa ba wanda ya kula. Dattawan gaba suna share ido da gefen riga. Mahauci ya sure ni sama kamar ɗan akuya yana juyi da ni, kaina na bugun rufin kwano, ni kuwa ina ta dariya na kasa dainawa. Daɗin da na ji a ranar har yau in na tuna sai na ji shi a jikina.

Da ƙura ta lafa aka fara fita don alwala, na tarar da taubashina zaune a kan karyayyen bencin, gumi ya jiƙa masa riga. Na je na tsaya a kansa.

Ya ce, "Wanga ba shi na nig gani Tsahe ba."

Na ce, "To wanne na?"

Ya ce, "Wani na daban. Wancan ba a daɗe haka ba. Wancan ba a taka shi haka ba."

Alhaji, wanda ke naɗe wayar janareto, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Daga aljihunka ya hito." Sannan ya juyo gare ni. "Malam, Asabar ka tahi Gusau ka jero muna na gaba. Yadda ka ga dama haka za a sa su."

Taubashina ya miƙe ya kakkaɓe hularsa, ya nufi ƙofa. Har ya fita sai ya dawo ya leƙo.

Ya ce, "Bawana, Asabar ka jira ni tasha, ni ka kai ka. Amma in ka duba su, kada ka kuskura ka hwaɗa mani kome bisa hanya."